Waƙar Makokin Ƙanena Ta Yi Suna a Bakin Wata

Anti Kausar, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa, domin saura mako uku kacal, kuma a 'yan kwanakin nan ni kaina ban yarda da zuciyata ba. Ki yi haƙuri da Hausata, da yarenmu na C'lela muka tashi a gida, Hausar bariki da ta coci ce a bakina. Ki kuma ɓoye sunana, ko da yake wanda ya san Zuru sosai zai iya gane ni.

Ni malamar firamare ce, shekaruna arba'in da uku, ina da aure da 'ya'ya uku. Shekara goma sha shida ke nan ina shugabantar ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Ba koyar da waƙa kawai nake yi ba, ina kuma tsarawa. Ina da littattafan rubutu guda biyar cike da waƙoƙina, na Kirsimeti, na aure, na godiyar kaka, kuma ban da mutanen cocinmu da na wasu majami'u biyu a Dabai babu wanda ya san da su. A da wannan bai taɓa damuna ba. Ko kuwa in ce ban san yana damuna ba.

Ƙanena Mika soja ne kamar babanmu. Shekara tara da suka wuce aka kashe shi a arewa maso gabas. Ba mu ga gawarsa ba, a can aka binne shi, akwatin kayansa kawai aka kawo mana. Ranar da zai koma bakin aiki karo na ƙarshe, da sassafe ya fito ina shara a tsakar gida, ya ce mini ya tafi, ni kuwa ko kai ban ɗaga sosai ba, saboda muna ɗan fushi da juna a kan wata magana da ba ta kai ta kawo ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Bayan wata biyu da rasuwarsa ina sheƙar dawa a bayan gida, sai na ji bakina yana rera wani kari da kakarmu ta Dabai take yi idan tana niƙa. Waƙar Kaka ta ba'a ce da yarenmu, ana tsokanar saurayin da ya je golmo, wato noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata, ya kasa kai kunyar gona ko ɗaya ƙarshe. Da sauri ake yin ta, ana tafi ana dariya. Ni kuwa sai na ja ta a hankali, na sa mata kalmomin Hausa, har ta zama waƙar makoki mai baiti huɗu. Amshinta shi ne: “Ka tafi da safe, ba ka ce mini sai yaushe ba.”

Yanzu bari in kawo miki Keziah. 'Yar maƙwabtanmu ce, ta shigo ƙungiyarmu tana da shekara goma sha biyar. Ni na koya mata riƙe numfashi, ni na hana ta waƙa da hanci, a gidana take cin abinci idan mun tashi daga gwaji. Murya kam Allah ya ba ta, ba zan yi ƙarya ba. Ranar sujadar tunawa da Mika na miƙe zan rera waƙata, na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Keziah ce ta matso ta karɓi makirufo ta ɗauke waƙar, ni na koma cikin masu amshi ina hawaye. Har dattawan da ba sa kuka a gaban mata sun share ido ranar. Jabiru mai ɗaukar bidiyon bukukuwa ya ɗauki sujadar gaba ɗaya, kuma a ciki ana jin fasto yana faɗa da bakinsa cewa ni na tsara waƙar saboda ƙanena.

Daga baya Keziah ta tafi Kaduna karatu, ta fara shiga situdiyo. Shekara biyu da suka wuce ta fitar da waƙar. Ta sa mata gita da fiyano, ta cire baiti biyu, ta ƙara nata guda ɗaya, ta mai da ita waƙar matar soja mai jiran mijinta. Amshin ma ta canza shi zuwa: “Ka tafi da safe, na bar maka ƙofa a buɗe.” Amma karin nawa ne, baitin farko nawa ne kalma da kalma, har wurin da nake tsayawa in ja numfashi nan take tsayawa. Ba ta tambaye ni ba, ba ta gaya mini ba, a waya na gani kamar kowa.

Anti, tunda na zo neman magani bari in faɗi ciwon duka. Wata takwas na farko babu wanda ya kula waƙar, kuma a lokacin ban ji haushi ba ko kaɗan. Tausayinta ma na ji, har na tura wa 'yan ƙungiyarmu na ce su saurara su ƙarfafa mata gwiwa. Sai wata rana aka ɗauki bidiyon matan sojoji a wani bariki suna rerawa suna kuka, shi ke nan abu ya bazu. Yau babu inda ba a jin ta a Zuru. 'Yan kabu-kabu, masu shagon caji, gidajen biki, har maƙwabciyata Hajiya Aishatu ita ce ƙarar kiran wayarta, in aka kira ta ina jiyowa ta katanga. Daga lokacin ne abin ya fara yi mini ciwo. Sannan aka yi hira da Keziah a rediyo, aka tambaye ta inda ta samo waƙar, ta ce a mota ta sauko mata tsakanin Kontagora da Kaduna, kyauta ce daga Allah. Ba ta ambaci sunana ba. Ba ta ambaci sunan Mika ba.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa. Na buɗe shafi da sunan ƙarya, na je ƙarƙashin bidiyonta na rubuta ɓarauniya, ba sau ɗaya ba, sau uku. Mutane suka yi mini ca, wata ta ce ni 'yar baƙin ciki ce, kuma kalmar ta shige ni domin ban iya cewa ƙarya ta yi ba. Na hana 'yan ƙungiyarmu rera waƙar, ko tawa ko tata. Lokacin tara a makaranta, maimakon in ci abinci, sai in ɓuya a aji ina duba yawan mutanen da suka kalla, duk ƙaruwar da ya yi sai in ji kamar an tsinke ni. Ranar nan 'yata Peculiar, mai shekara goma sha ɗaya, tana wanke-wanke tana rera amshin Keziah, na daka mata tsawar da ta sa ta saki faranti ya fashe. Yarinyar ta dube ni ta tambaye ni ko ba waƙar Kawu Mika ba ce.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. Amshin Keziah ya fi nawa. Nawa ƙorafi ne, nata jira ne, kuma shi ya sa mata suke kama shi. Na zauna da littafina na gwada in samo layin da zai fi nata, na kasa. Shekara tara ina tare da waƙar nan ban ga ƙofar nan ba, ita ta gani. Wannan ya fi satar ci mini rai.

Na je wurin mahaifiyarmu ina tsammanin za ta goyi bayana, sai na tarar an sa mata waƙar a waya, kullum da safe sai ta ji ta kafin ta sha kunu. Da na fara kai ƙara, Mama ta bari na gama tsaf, sannan ta ce karin da nake kira nawa ba nawa ba ne, kuma ba na Kaka ba ne. Ta ce Kaka da bakinta ta gaya mata a wurin matan Fulani ta ji shi tana yarinya, lokacin da suka yi ruga kusa da gonarsu ta wajen Kanya, suna rerawa idan suna kaɗa nono. Ta ƙara da cewa ita dai ta gode wa Allah da waƙar ɗanta ta kai barikokin da ƙafarsa ta taka. Na tashi na tafi ban ci tuwon da ta zuba mini ba. Tun ranar kaina ya ƙara rikicewa. Idan Keziah ɓarauniya ce, ni mece ce, da na ɗauki karin tsohuwa ban taɓa faɗin sunanta a gaban jama'a ba?

Mijina Haggai shi ransa a ɓace yake fiye da nawa. Ya je wurin Jabiru ya karɓo bidiyon sujadar nan, ya ce in sa shi a Fesbuk duniya ta gani, ba sai na ce komai ba, muryar fasto ta isa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Lahadin da ta wuce fasto ya sanar cewa Keziah za ta zo bikin godiyar kaka na cocinmu nan da mako uku, kuma ƙungiyata ce za ta yi mata amshi. Coci ya ɗauki guɗa, ni kuwa ina zaune ina murmushin dole. Washegari ta aiko mini da atamfa ta hannun direban mota, da saƙon murya tana kirana Mamanta, tana cewa ta matsu ta gan ni, ni ce na buɗe mata baki. Minti uku tana magana, ba ta taɓo waƙar ba ko da kuskure. Atamfar tana nan cikin ledarta ban buɗe ba.

Zuciyata tana ce mini in bari sai safiyar bikin in saki bidiyon, ta shigo coci kowa ya riga ya gani. Wata zuciyar tana tuna mini yarinyar da ta karɓi makirufo ranar da na kasa. Anti, haƙƙina nake nema ko hassada ce kawai ta ci ni? In saki bidiyon? In tsaya a bayanta in yi mata amshin waƙar ƙanena kamar ba komai? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci.

Daga 'Yar Amshi, Zuru.

*

'Yar'uwata 'Yar Amshi,

Da farko ina yi miki ta'aziyyar Mika, Allah ya ba ku haƙuri ke da Mama. Hausarki kuma ba ta da laifi, na ji duk abin da kike nufi har da wanda kika yi nauyin faɗa.

Kin tambaye ni haƙƙi ne ko hassada. Duka biyun ne, kuma sai kin raba su kafin ki ɗauki kowane mataki, domin a cakuɗe suke ba ki shawara.

An yi miki ba daidai ba, wannan babu tantama. Kari irin na Kaka ya daɗe yana yawo daga bakin masu kaɗa nono zuwa bakin masu niƙa, kowa ya ɗauka ya ɗora nasa, haka waƙoƙinmu na gargajiya suke rayuwa, kuma ɗaukarsa da kika yi ba sata ba ce. Amma mai da waƙar ba'a ta koma ta makoki aikinki ne, baitin farko naki ne, kuma Keziah ta san haka fiye da kowa tunda a bakinki ta koya. Da ta ara ta faɗi inda ta aro, da babu maganar da za a yi. Laifinta shi ne rashin tambaya, da kuma labarin mota da ta ba 'yan rediyo. Kada maganar Mama ta sa ki ɗauka ba ki da bakin magana. Kina da shi.

Sai dai ki yi mata adalci ita ma. Ba kwafa kawai ta yi ba, ta ƙara abin da ke da kanki kika ce ya fi naki, ta kai waƙar inda littafinki ba zai kai ta ba. Waƙar da ake ji a yau ta mutum biyu ce, a kan karin mutane da yawa. Kuma ina zargin atamfar nan da saƙon minti uku ba na mai rainin hankali ba ne, na wadda ta san akwai magana ne ta rasa ta inda za ta fara. Yarinya ce da suna ya zo wa bagatatan, aka miƙa mata makirufo a rediyo ta faɗi abin da zai ƙawata ta, yanzu kuma ƙaryar ta yi mata girma. Wannan ba ya wanke ta, amma yana nuna akwai wurin gyara.

Hassadar kuwa ke kika ba ni shaidarta da kanki. Wata takwas waƙar tana hannunta ba da izininki ba, ba ki ji komai ba sai tausayi. Ba ranar da ta ɗauka ciwon ya fara ba, ranar da aka fara tafa mata ne. Ba na ganin laifinki a kan jin haka, mutum ce ke, shekara goma sha shida kina aiki ba wanda ya ce sannu. Amma bidiyon Jabiru ba zai warkar da wannan ba. Ko duniya ta taru ta zagi Keziah, waƙoƙinki na cikin littattafai biyar suna nan inda suke.

Don haka kada ki saki bidiyon, balle a safiyar bikin. Wannan ba neman haƙƙi ba ne, kwanton ɓauna ne. Mutane ba za su tuna wanda ya tsara waƙar ba, za su tuna shugabar mawaƙan da ta kunyata 'yarta a ranar godiya, kuma waƙar da Mama take ji kowace safiya za ta koma waƙar rigima. Ki gode wa Haggai da ya tsaya miki, ki ce ya ajiye bidiyon wuri mai kyau. Shaida ce, amfaninta na ranar da aka musa ne, kuma har yanzu Keziah ba ta musa miki komai ba domin ba ki taɓa tambayarta ba. Fiye da shekara kina magana da kowa a kanta, har da baƙi da sunan ƙarya, ita kaɗai ce ba ki yi wa magana ba.

Ki goge wancan shafi yau ɗin nan. Sannan ki kira ta a cikin makon nan, kada ki jira sai ta iso ana hayaniyar biki. Ki gaya mata a fili cewa hirar rediyon ta yi miki ciwo, musamman rashin ambaton Mika. Ki faɗi abin da kike so ba tare da kwana-kwana ba: ta sa sunanki a matsayin wadda ta tsara asalin waƙar a duk inda ta ɗora ta, ta kuma faɗi haka da bakinta a gaban jama'a ranar bikin, kuma kada ta sake taɓa wata waƙarki sai da izininki a rubuce. In kina da ƙarfin hali, ki gaya mata amshinta ya yi kyau. Zai yi miki wuya, amma zai buɗe mata baki ta faɗi nata laifin, ke kuma zai sauke miki wani nauyi da kike ɗauke da shi ke kaɗai. Maganar shafin ƙarya ma gara ta ji daga bakinki da ta ji daga wani wuri.

Idan ta amsa, ki tsaya ki yi amshin da zuciya ɗaya, kuma in an ba ki dama ke ma ki ambaci Kaka da matan da ta koya a wurinsu, tunda abin da kike nema daga Keziah ke ma ana nemansa daga gare ki. Idan ta ƙi ko ta musa, ki je wurin fasto da wani dattijo da take jin nauyinsa, a zauna a kalli bidiyon a ɗaki ba a Fesbuk ba. In nan ma abin ya gagara, akwai lauyoyi da suka san dokar haƙƙin mallakar fasaha, ni ba lauya ba ce, su za su gaya miki matsayinki. A wannan hali kuma babu dole ki yi mata amshi. Ki gaya wa fasto tun da wuri ya ba wani ya jagoranta, kada ki tsaya a bayanta kina rera waƙa da baƙar zuciya.

Ki ba Peculiar haƙuri, ki ba ta labarin yadda waƙar ta samu tun daga niƙan Kaka. Ki koma ki ci tuwon Mama. Ki ɗage dokar da kika sa wa 'yan ƙungiya, ba su yi miki komai ba. Sannan ki zaɓi waƙoƙinki uku da kika fi so, ki tara mawaƙanki a ɗauke su ko da da waya ce mai kyau, ki sa sunanki da kwanan wata, ki fitar. Wataƙila su bazu, wataƙila kada su wuce Dabai, wannan ba a hannunki yake ba. Amma lokacin taran da kike ƙarewa kina ƙirga masu kallon wata, ya ishe ki gyara baiti guda.

Ba na jin ke muguwa ce. Muguwa ba ta rubuto wasiƙa ta tona asirin kanta haka. Ciwo ne ya daɗe ba a duba shi ba, kuma kira ɗaya zai iya rage shi fiye da yadda kike zato. Ki ɗauki wayar kafin Lahadi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya. Ki gaishe mini da Mama da kyau.

Taki,
Anti Kausar